Tambayar da ta kori ƙanwata daga ƙungiyar kiɗa

Ƴan uwa ɗalibai, a wannan ɗan littafi namu mun saba sukar littattafai da fina-finai da waƙoƙin wasu. Ni yau takarda zan soka, mai tambaya goma sha biyu, kuma da hannuna na rubuta ta. Don haka duk inda kuka ga na zafafa, kaina nake duka.

Ga yadda abin ya faru. Babban hutun bara ina gida Maraɗi, sai malamin da ke riƙe da ƙungiyar kiɗa da waƙa ta lisen da na gama ya aiko a kira ni. Shi tarihi da labarin ƙasa yake koyarwa. Ƙungiyar kuwa son abin ne ya sa ya ɗauke ta, ko dala ba a ƙara masa a albashi. Na tarar da shi da kaye uku a gabansa: ɗaya na sunayen yara, ɗaya na kayan kiɗa, ɗaya na kuɗin karo-karo. Na ukun ruwan damina ya taɓa shi, rubutun wata biyu ya narke.

"Kai da kake jami'a," in ji shi, "an ce akwai abin da ake yi a waya yanzu, yara su rubuta sunansu da kansu, lissafi ya fito shi kaɗai. Ka haɗa mini kafin a koma lakwal."

Na ce, "Mushe, wannan ai aikin dare ɗaya ne."

Dare ɗaya kuwa na yi. Na buɗe Google Forms na rubuta tambayoyin shiga ƙungiya. Mu nan formiler muke cewa, ƴan uwanmu na Najeriya su ce fom. Zan riƙe fom don ya fi gajarta. Ga wanda bai taɓa amfani da shi ba, abin babu wuya: ka rubuta tambayoyi, ka aika liyan ta WhatsApp, duk wanda ya cika ya danna, amsarsa ta faɗa cikin jadawali na Google Sheets, mutum ɗaya layi ɗaya, har da ranar da sa'ar da ya amsa. Manhajar kuma ta zana maka faifai mai launi-launi, an yanka shi kamar kankana, kowane yanki da kasonsa. Na ƙara da takarda ɗaya a Google Docs ta tsarin ranakun gwaji, wadda mutane da yawa ke iya gyarawa lokaci guda, kowa daga wayarsa. Da safe na nuna wa Mushe, ya yi ta sa mini albarka.

Kafin in shiga suka, ya kamata mu san inda wannan dabara ta fito, don nan ne rabin matsalar. Google ya fitar da Docs a 2006, bayan ya sayi wani ƙaramin kamfani mai manhajar rubutu da ake kira Writely. Forms ya biyo baya a 2008, Classroom na makarantu a 2014. A Amurka malaman kiɗa na makarantu sun rungumi waɗannan kaya, kuma suna da dalili. Can kiɗa darasi ne tun 1838, lokacin da Lowell Mason ya sa aka shigar da shi makarantun gwamnati na birnin Boston. Malamin kiɗa na sakandare a can yana iya riƙe ƙungiyar masu bushe-bushe, da ta masu goge irin na Turawa, da ta mawaƙa. Makaranta na ba da aron kayan kiɗa, kowanne da lambarsa daga masana'anta. Akwai rigunan fareti da za a auna wa kowa, akwai tafiye-tafiyen gasa da sai iyaye sun sa hannu. A makarantu da yawa kowane ɗalibi na da asusun intanet da makaranta ta buɗe masa, wasu har da ƴar kwamfuta. Mai irin wannan aiki, fom ya sauke masa kaya mai nauyi. Samfurin tambayoyin da na samu a intanet a daren nan, na Faransanci ne, amma daga irin wannan duniyar ya fito, ni kuma na kwafe shi kusan yadda yake. Zanen aro dai, an ce, ba ya rufe katara.

Sai dai in faɗi gaskiya, akwai inda ya rufe. Jadawalin kuɗi ya yi aiki fiye da yadda na zata. Da, in yaro ya ce ya biya dala ashirin ɗinsa na wata, ma'aji ya ce bai gani ba, sai rantse-rantse. Yanzu kowa na ganin layinsa. In an goge wani abu, akwai tarihin gyare-gyare da ke nuna yadda takardar take jiya da shekaranjiya, a maido da ita. Tsarin ranakun gwaji ma ya rage wahala: in aka ɗage gwaji saboda dabuwar, wuri ɗaya ake gyarawa. Duk abin da ake ƙirgawa, kuɗi ne, kujeru ne, ranaku ne, waɗannan takardu sun fi kaye. Ban janye wannan ba. Inda abin ya lalace shi ne wajen ƙirga mutane.

Ina da ƙanwa a wannan lise, lokacin tana ajin farko. Tun tana ƙarama ita ke ba da waƙa in ƴan matan unguwarmu na gaɗa, kuma wajen kakarmu ta koyi kiɗan ƙwarya, har mata na aikowa a kira ta in ana biki. Da aka fitar da sunayen waɗanda suka shiga ƙungiya, babu nata. Na kira ta daga Yamai.

"Ke, mi ya hana ki cika abin?"

"Yaya, ni fa ban iya komi ba cikin abubuwan nan naku."

"Ke da kike kiɗan ƙwarya?"

"Ƙwarya ai ba instrument ba ce. Ƙwarya ƙwarya ce."

Na koma na karanta tambaya ta huɗu kamar ba ni na rubuta ba: Jouez-vous d'un instrument de musique ? Amsa biyu, Oui ko Non, ga jan tauraro a gefe, alamar dole sai ka amsa kafin ka wuce. Na tsara shi yadda wanda ya ce Non za a kai shi sashen mawaƙa, a tambaye shi muryarsa: soprano, alto, ténor ko basse. Nan ma jan tauraro. Ƙanwata ta ce Non, ta faɗa sashen muryoyi, ta ga kalmomi huɗu da ba ta san ko ɗaya ba, tauraro ya hana ta wucewa, ta rufe waya ta ci gaba da harkarta.

Ku lura da abu ɗaya. Wanda ya fara cikawa ya fasa, ba ya barin ko alama a jadawali. In da kaye ne, Mushe zai ga yarinya ta zo bakin ƙofa ta tsaya tana jinkiri, ya ce shigo mana. Jadawali kuwa waɗanda suka kai ƙarshe kaɗai yake nunawa, sai ka ɗauka su ke nan masu so.

A sashenmu na kimiyyar harshe an koya mana cewa kowace tambaya na ɗauke da zato a cikinta. In na ce maka "yaushe ka bar shan taba?", na riga na yanke cewa ka taɓa sha. Tambayata ta huɗu zato uku ta ɗauko. Na farko yana cikin jouer. Faransanci da aikatau ɗaya yake haɗa ganga da sarewa da jita. Hausa rarrabewa take: ana kaɗa ganga, ana busa algaita, ana rera waƙa, ana tafa hannu, ana yin amshi. Na biyu yana cikin musique. Ba mu da kalma ɗaya tak da ta yi daidai da ita, shi ya sa ko a rediyo sai ka ji an ce kaɗe-kaɗe da waƙe-waƙe, ko kaɗe-kaɗe da bushe-bushe. Na uku yana cikin instrument, wanda a kunnen ɗan lakwal yake nufin abin da aka ƙera don kiɗa kaɗai, ake saya a kanti. Alhali kiɗan mata da yawa da kayan gida ake yinsa. Ƙwaryar da aka kifa cikin ruwa aka kaɗa da dare, da safe fura za a dama a cikinta. Lugude a turmi ake yinsa ana cikin daka. Tinden Abzinawa ma turmi ne ake ɗaura wa fata, in an gama a kwance ya koma aikinsa. Yarinyar da ta tashi cikin wannan, ka tambaye ta instrument, gaskiya ta faɗa maka da ta ce Non.

Wani zai ce, to a fassara fom ɗin zuwa Hausa mana, ai tun watan Maris na 2025 kundin da ƙasa ke tafiya a kansa ya ɗaga Hausa ya zama harshen ƙasa. Na gwada, kalma da kalma. Abin da ya fito shi ne: "Kana wasa da kayan kiɗa?" Ku faɗa wa yaro haka ku ga in bai rantse ba shi ba ne. Fassara kalmomi take canzawa, zaton yana nan zaune a ƙarƙashi. Haka tambayar muryoyi. Rabon murya huɗu na mawaƙan coci ne da na Turai, kuma a wurinsa daidai yake. Waƙarmu wani gini gare ta: akwai mai ba da waƙa, akwai ƴan amshi, wani lokaci da mai kirari a gefe. Abin da Mushe ke buƙatar sani shi ne wa ke iya jan baiti a gaban mutane ba tare da murya ta yi rawa ba, wa ke riƙe amshi ba ya kuskure. Fom ɗina bai tambayi ko ɗaya ba.

Waɗanda suka ce Oui ma ba su tsira ba. Su an kai su tambaya ta biyar, jerin kayan kiɗa: guitare, clavier, batterie, flûte, djembé, tam-tam, sai Autre a ƙarshe. Ku dubi jerin nan da kyau. Jembe, wanda asalinsa ƙasar Mande ce, wajen Mali da Gine, ya samu gidansa shi kaɗai. Ganga da kalangu da kotso da jauje da kurya da tambari kuwa duk an tura su ɗaki ɗaya, an rubuta tam-tam a ƙofa. Gurmi da garaya da molo da goge da kukuma ko ɗakin ba su samu ba. A 1971 David Ames da Anthony King littafi guda suka cika da kalmomin kiɗan Hausa kaɗai. Marigayi Malam Maman Barka, wanda shi ma malamin makaranta ne kafin ya shahara da gurmi, ya je har bakin tafkin Cadi ya koyo biram don kada ya ɓace. A fom ɗina, da shi da gurminsa da biram ɗinsa, Autre ne.

Na san amsar da za a ba ni: ai ga Autre nan, kowa ya rubuta nasa. To ga abin da Autre ya haifar. Wani ya rubuta kalangu, wani kalangou, wani kalango. Gurmi ya fito da gurumi da gouroumi. Goge ya fito da gogé da gogué. Manhaja haruffa take dubawa, don haka kowane rubutu ta ba shi ɗan siririn yankinsa a faifai. Jita kuwa, da yake dannawa kawai ake, ta tattara nata wuri ɗaya, har da na samarin da ba su taɓa riƙe ta ba, sha'awarta kawai suke. Faifai ya fito, jita ta cinye babban yanki. Mushe ya buga shi a takarda ya kai wa ƙungiyar iyayen yara, aka amince a sayi jita ta biyu da ɗan kuɗin da ke akwai. A lokacin kalangun ƙungiya biyu na rataye a ofis fatarsu a fashe, kuma akwai yara aƙalla huɗu da suka iya kaɗa su.

Jerin yana da wani lahani da ya fi rubutu zurfi. A 1914 Hornbostel da Sachs sun raba kayan kiɗan duniya gida huɗu bisa abin da ke fitar da sauti: fata, tsirkiya, iska, ko jikin abin kansa. Rabo ne mai amfani ga mai nazari. Amma Bahaushe abin da ya fara tambaya shi ne kiɗan na wane ne. Kakaki da tambari na sarauta ne, ba ka ɗauka don ka ga dama. Kalangu an san shi da mahauta, dundufa da maƙera, gangar noma da manoma, garaya da mafarauta da ƴan bori, shantu da ƙwarya da mata. Yaron da ya iya kalangu, sau da yawa gado ne, kuma dukanmu mun san yadda wasu ke kallon gidan makaɗa da maroƙa. Wato amsar tambaya ta biyar tana iya tona asalin mutum. Ni na ɗauke ta kamar tambayar lambar takalmi.

Matsalar rubutu ta bi mu har cikin sunaye da tsarin gwaji. Yarinya ɗaya ta cika sau biyu don ba ta tabbata na farko ya tafi ba, sau ɗaya Aïchatou, sau ɗaya Aichatou, jadawali ya ƙirga mutum biyu. Sai kuma haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ta tabbatar da su, kuma ana iya sa madannin Hausa a waya, amma kaɗan ke sawa. Wata rana Mushe ya rubuta a takardar gwaji, "Kada ganga ran Juma'a." Shi kaɗa yake nufi, wato ranar ce ta masu ganga. Rabin yaran suka karanta hani ne saboda Juma'a, suka yi zamansu a gida. Wannan dai dariya muka yi.

Abin da ke tafe ba na dariya ba ne. Da farko akwai waɗanda liyan bai ma kai gare su ba. Fom ɗin Google sai da intanet ake cika shi. Gidaje da yawa waya mai intanet ɗaya ce, tana hannun uba ko babban wa, kuma a abin da na gani a unguwarmu, yarinya ce ta ƙarshe da ake miƙa wa. Akwai maɓallin da ke hana mutum amsawa sau biyu, amma in ka kunna shi dole mai amsa ya shiga da asusun Google, sai wa da ƙanwa masu waya ɗaya su zama mutum ɗaya a idon manhaja. In ka kashe shi, mai forfe da yawa ya cika sau uku. Ko ta ina ka bi, jadawalin ya fi jin muryar mai waya.

Sai tambaya ta goma sha ɗaya: Vos parents sont-ils d'accord ? Kowa ya danna Oui, don yaron ne ke dannawa. A can inda samfurin ya fito, iyaye ake aika wa saƙon su amsa da kansu. A nan izinin uba, musamman a kan ɗiya mace da kiɗa, a zaure ake nemansa. A gaisa, a tambayi gida, a bayyana ƙarfe nawa ake tashi, wa zai rako ta, maza da mata tare suke ko dabam. Akwai gidajen da za su ce a'a saboda fahimtarsu ta addini, akwai waɗanda za su ce to in sun ga fuskar malami. Danna Oui bai yi ko ɗaya cikin wannan aiki ba, sai dai ya sa muka ɗauka an yi.

Ƙarƙashinta na bar fili na ƙarshe, Remarques, kowa ya rubuta abin da ya ga dama. Nan ne kaɗai yara suka yi Hausa. Wani yaro ya rubuta cewa babansa makaɗi ne, ya iya kalangu sosai, amma don Allah kada a faɗa a kilas. Wata yarinya ta rubuta cewa mamanta ta sani, babanta bai sani ba, a rufa mata asiri har ta samu yadda za ta gaya masa. Sun rubuta ne don sun ɗauka Mushe kaɗai zai gani.

Ni kuma, don shugabannin aji su riƙa sa alamar wanda ya zo gwaji, na buɗe jadawalin yadda duk mai liyan zai iya shiga ya gyara, na jefa liyan ɗin a gurup na WhatsApp. Na manta cewa amsoshin fom suna cikin wannan jadawali, shafi ɗaya a gefe. Manhajar ta ba ni zaɓi uku, mai kallo, mai tsokaci, mai gyara, ta kuma ba ni damar kulle takardar ga mutane ƙalilan. Ni na zaɓi mafi sauƙi. Kwana biyu wani ya ɗauki hoton shafin. Yaron nan aka fara kiransa da sunan da ba ya so a filin lakwal. Hoton ya kai ga wani ɗan uwan yarinyar, daga shi sai mahaifinta. Ba ta sake zuwa gwaji ba. Tarihin gyare-gyare na maido da layin da aka goge, amma hoton da ya fita ya fita. Magana zarar bunu ce.

Ƙasarmu na da doka tun 2017 a kan kare bayanan mutane, har da hukumar da ke kula da ita, HAPDP. Ni a raina wannan magana ce ta bankuna da kamfanonin waya. Ban taɓa kawowa cewa jerin ƙungiyar kiɗa ta lise, mai suna da unguwa da lambar waya da sirrin yara ƙanana, shi ma bayanan mutane ne ba.

Akwai kuma tambayar da ban yi wa kaina ba a daren nan: takardun na wane ne? Da asusuna na buɗe su, don haka ni ne mai su. Ina Yamai cikin jarrabawa Mushe ya so a canza wani abu, sai da ya jira ni kwana huɗu. In na gama karatu na bar wannan asusu fa? Tun watan Disamba na 2023 Google na iya goge asusun mutum in ya shekara biyu ba a taɓa shi ba, da duk abin da ke ciki. Kaye ukun nan, da duk lahaninsu, a aljihun teburin lakwal suke kwana.

Wani abokina mai karatun kwamfuta ya ce mini, "Kai, wuƙa ba ta da laifi, mai riƙo ne." Na yarda, kuma ban ɗora wa kowa laifina ba. Na kuma san halin da Mushe ke ciki: mutum ɗaya, azuzuwa cike, ga gyaran dabuwar, ga ƙungiya a kai. Duk wanda ya ce masa ya koma kaye bai tausaya masa ba. Amma abin da abokina bai duba ba shi ne yadda sauƙin abin da kyansa ke sa a yarda da shi. Kaye mai rubutun hannu kowa ya san ana iya kuskure a ciki, don haka ana tambaya. Faifai mai launi da kaso cikin ɗari kuwa, iyayen yara suka gani suka yi shiru, Mushe ya yi shiru, ni da na san a dare ɗaya na haɗa shi ma na yi shiru. Wanda ya rubuta tambayoyi ya riga ya zaɓi wanda zai zama makaɗi tun kafin kowa ya amsa, amma sakamakon sai ya fito kamar yara ne suka zaɓa.

Hutun Disamba na koma muka sake gini. Liyan ba mu aika wa kowa ba. Muka zauna ƙarƙashin bedi a filin lakwal kwana uku, yara na zuwa ɗaya-ɗaya, ni ina tambaya da baki Mushe na saurare. Tambayar farko ita ce, "In ana biki ko wasa a unguwarku, mi kake yi?" Wanda Zabarmanci ko Fulatanci ya fi masa sauƙi ya faɗi sunan abin da harshensa. Na rubuta abin da yaro ya faɗa yadda ya faɗe shi a gida ɗaya, a gida na biyu na sa rubutu ɗaya daidaitacce don lissafi ya haɗu. Da yamma, inda rezo ke da kyau, na shigar da su jadawali. Masu yawan mutane fiye da namu suna iya amfani da KoboCollect, irin wanda masu binciken ƙungiyoyin agaji ke yawo da shi ƙauyuka, don yana karɓar amsa ba intanet ya aika daga baya. Mu waya ɗaya da kaye ɗaya sun ishe mu.

Takardun muka raba uku. Ta kuɗi da ta ranakun gwaji kowa na iya kallo, mutum biyu kaɗai ke gyarawa, kuma ana buga su a liƙa a ƙofar ofis don marasa waya. Ta sunaye da lambobi Mushe kaɗai ke buɗewa. Abin da yaro ya faɗa a asirce ba ya shiga ko'ina. Muka buɗe asusu na ƙungiya, kalmar sirri na hannun Mushe da wata malama. Maganar izini kuwa muka cire ta daga fom gaba ɗaya, Mushe ya ce shi zai riƙa takawa gidajen da ƙafarsa.

Jadawalin kaya ma sai da aka gyara. Samfurin yana da gidan lambar masana'anta, kalangu kuwa ba shi da lamba. Muka kai su wajen wani tsoho mai ɗaurin fata, mutumin Tibiri. Ya ɗauki ɗaya ya matse ya buga sau biyu.

"Wanga mura gare shi," in ji shi. "Wa ya aje shi inda raɓa?"

Na ce, "Baba, ofis ne, kusa da taga."

"To ku rubuta cikin wayar taku, a bar aje shi nan."

Muka goge gidan lamba, muka sa wanda ya ɗaura fata, da watan da aka ɗaura, da inda ake ajiya.

A bikin ƙarshen shekara ƙanwata ce ta ja ƴan mata shida da ƙwarya, uku daga cikinsu ba su cikin jerin farko. Yaron nan ya kaɗa kalangu, bayan Mushe ya tsaya gaban kilas ya yi magana a kan gado. Jita ta biyu na nan, mutum ɗaya ke koyo. Yarinyar kuwa ba ta dawo ba. Na goge layinta da duk abin da ta rubuta, Mushe ya je gidansu sau ɗaya, mahaifinta ya karɓe shi da mutunci ya ce zai duba. Har na rubuta wannan yana dubawa.

Da yawanmu za a kira mu irin wannan aiki, ƙungiyar wasan kwaikwayo ce, ta ƙwallo ce, ta ɗaliban gari ce, don an ga muna jami'a kuma waya na hannunmu. Ku karɓa, aikin na da amfani. Amma kafin ku aika liyan, ku samu ƙanwarku ko ƙanenku ku karanta musu tambayoyin da ƙarfi, ɗaya bayan ɗaya, ku ga inda suka tsaya suna kallonku. Sannan ku buɗe liyan ɗin daga wayar wani, ku ga abin da shi yake gani. Ni duka biyun ban yi ba, kuma ba za su ci mini minti goma ba.